Rumbun Malam Ummaru

Al'amarin ya faro ne a farkon damunar shekarar 1955, lokacin da ajujuwan yaƙi da jahilci suka yawaita a ƙasar Katsina, aka wayi gari da ɗimbin mutanen da suka iya haɗa baƙi da wasali amma ba su da abin karantawa. Masu maɗaba'a suka baza idanu a ƙauyuka suna neman rubutu, yadda 'yan baranda ke bin gonaki neman gyaɗa. Wanda ya zo Safana da wannan nema shi ne Malam Salmanu, mai duba ajujuwan manya, wanda aka ajiye a Batsari. Baƙo ne a yankin, ya yi boko mai nisa, kuma shi ke rubuta sharhin sababbin littattafai a jarida. Duk inda ya zauna kukansa ɗaya ne: littattafan Hausa daga yabo sai wa'azi, har yanzu ba a haifi marubucin da ke da zuciyar faɗin abin da zai sosa wa wani rai ba.

Aka nuna masa zauren Malam Armaya'u, mai karantar da fiƙihu a Safana, domin an san ya daɗe da rubuta tarihin mahaifinsa, marigayi Malam Ummaru, da ajami. Zuciyar tarihin ita ce shekarar babbar yunwa, kuma babu tsohon da ke tsakanin Safana da Babban Duhu da bai san labarin ba. Lokacin da mutane suka kai ga tonon gidan tururuwa, Malam Ummaru ya buɗe rumbunsa, ya tsaya a bakinsa yana auna wa duk wanda ya zo da ƙwarya, har rumbun ya ƙare, iyalinsa suka koma cin tafasa tare da kowa. A wannan shekara kuma wani mai hatsi a Batsari, mai suna Jinjiri, ya yaɓe bakin rumbunansa da laka, ya yi rantsuwa a ƙofar masallaci cewa ba shi da ko zangarniya, ya zauna jiran tsada ta kai inda yake so. Malam Armaya'u ya rubuta labaran biyu a jere domin a ga bambanci. Saboda kunya irin ta ɗa, da ya gabatar da mahaifinsa sau ɗaya bai ƙara kama sunansa ba, sai dai ya rubuta ya yi kaza, ya yi kaza, har warƙa ta cika. Jinjiri ma sau ɗaya ya ambace shi, wannan kuwa don ƙyama.

Rubutun malaman zaure ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne sake, a jere bisa juna cikin gafaka, ba lamba a kansu. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma guda da ake rubutawa a ƙasan kowace warƙa, wadda da ita ta gaba za ta fara. Duk wanda ya tashi a zaure ya san wannan, har ba ya ganin abin a faɗa wa wani ne, shi ya sa Malam Armaya'u bai faɗa ba. Malam Salmanu ya ce gafakar ta yi masa nauyi. Ya zare warƙoƙin, ya ɗaure su da zare, ya cusa su a jakar kekensa tare da alli, ya yi alkawari za a juya su zuwa boko a wata maɗaba'a a Zariya, duniya ta karanta.

Malam Armaya'u ba ya karanta boko. Yakan ce rubutun da ke farawa daga hagu bai cika tarbiyya ba. Mai karanta masa jarida ita ce Sauda, 'yar ƙanensa da ya rasu, wadda ya riƙa tun tana ƙarama. Da aka ce kowane babban gida ya ba da yarinya a kai makarantar Katsina, marainiyar aka ba da, kamar yadda aka saba. Ta dawo da takardar koyarwa, ta auri malamin asibitin Safana, aka ba ta ajin matan yaƙi da jahilci. Sunan mahaifiyar Malam ta ci, saboda haka ba ya kama sunanta, sai dai ya ce Uwata.

Sauda mai karatu ce ta gaske, irin wadda ko ƙosai aka ƙunso mata a takarda sai ta ga abin da ke jikin takardar kafin ta ci. Ta daɗe da lura cewa Malam Salmanu, duk da kukan da yake yi da yabo, bai taɓa rubuta sharhin da ba yabo ba ne, kuma kowane littafi ya faɗo hannunsa shi ne wanda aka daɗe ana jira. Ta kuma lura cewa yawancin masu gardamar littattafai a gindin bishiyar asibiti sharhin suka karanta, littafin kuwa ko bangonsa ba su gani ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, domin babu wanda ya tambaye ta.

Wannan karon ma sharhin ya riga littafin isowa Safana. Jarida takan zo da masinja, littafi kuwa sai an sami motar da ke da sauran wuri. Bayan kaka Sauda ta durƙusa daga gefen zaure, ta karanta wa baffanta abin da Malam Salmanu ya rubuta: "Yau Hausa ta balaga. Ga ɗa ya ɗauki alƙalami ya faɗi gaskiya game da mahaifinsa, bai ji tsoron dangi ba, bai ji tsoron gari ba. Abin da ya rubuta a kan shekarar yunwa, ko marubutan Ingila sai sun jinjina masa."

Malam ya sa ta maimaita wurin Ingila. Sa'an nan ya shafa gemu, ya ce bai gane tsoron da ake magana ba, amma watakila dangin Jinjiri ake nufi, kuma lalle kam ya yi ƙarfin hali. Ya umarta a ajiye jaridar inda gara ba za ta kai ba.

Ba a daɗe ba sai ga rago daga Batsari, da kwandon goro, da gaisuwa mai tsawo. Mai aiken shi ne Alhaji Maude, babban dillalin gyaɗa, ɗan Jinjiri na cikinsa, wanda rabonsa da gaida Malam Armaya'u tun suna samari. Malam ya yi ta jinjina al'amarin. Ya ce ashe an zalunci Maude da mummunan zato, domin a faɗi laifin ubanka a littafi ka aiko da rago, sai mai babban rabo. Sauda ta ce Allah ya saka da alheri, amma ta koma gida zuciyarta ba kwance ba. A iyakar saninta, ɗan kasuwa ba ya biyan zagi da rago.

Littafin ya iso cikin buhu, a ƙarƙashin garewanin kananzir. Ɗan ƙarami ne, mai koren bango. Malam ya juya shi, ya shinshina, ya sa aka nuna masa inda sunansa yake, ya ɗora shi a saman littattafansa. Da aka ce ko a karanta masa, ya ce me zai ji a ciki, ai shi ya rubuta. Sauda ta ɗauki ɗaya ta tafi da shi gida, ta zauna bayan la'asar ta fara daga farko, kamar yadda ta saba da kowane littafi. Haihuwar kakanta tana nan daidai, da karatunsa, da zuwansa Safana. Sai ta iso shekarar yunwa. Aka gabatar da Malam Ummaru, aka ce ga abin da ya yi, ta juya shafi, sai ta tarar da shi yana kwaɓa laka yana yaɓe bakin rumbuna, yana rantsuwa a ƙofar masallaci. Gaba kaɗan aka gabatar da Jinjiri, sai ga shi tsaye a bakin rumbu yana auna wa talakawa, iyalinsa na cin tafasa. Warƙa biyu sun yi musayar wuri, kuma da yake babu suna a kan kowace, maganar ta zauna daram, ba inda ta yi tuntuɓe.

Washegari da hantsi, bayan ɗalibai sun tashi, ta je ta gaida baffanta, ta tambayi kwanan iyali da gajiyar karatu da lafiyar ƙafarsa, har gaisuwa ta ƙare ba ta sami wata hanyar kewayawa ba. Ta buɗe shafin ta karanta masa.

"Sake karantawa, Uwata. Kin tsallake layi."

"Baffa, ko sau nawa na karanta haka yake. Wannan ce jarumtar da jarida ta yaba. Wannan ne kuma kuɗin ragon."

Ya yi salati, hawaye suka zubo masa cikin gemu. Ya ce da idonsa ya ga mahaifinsa yana kankare gindin rumbu da ƙoƙo domin wata mata daga Zakka da ta zo da goyo. Ya rantse ranar kasuwar Batsari zai tafi, kuma ba zai ci abincin kowa ba sai an tattara littattafan an ƙone. Sauda ta gaskata shi, domin a wannan safiyar gaskiya yake faɗi.

Abin da ya faru a Batsari ta ji shi ne daga bakin mijinta, wanda ya raka Malam. Tun daga bakin kasuwa aka gane Malam. Akawuna suka miƙe tsaye, abin da ba su taɓa yi wa malamin zaure ba. Hedimasta ya fito ya kama hannunsa da hannu biyu, yana kiransa marubuci. Kafin ya tambayi gidan Malam Salmanu, an riga an kai shi gidan Alhaji Maude, an shimfiɗa masa darduma a sama da ta kowa. Alhaji ya yi jawabi yana share ido, ya ce shi kansa bai san mahaifinsa haka yake ba, ashe mahassada ne suka ɓata shi, sai da Allah ya kawo malami mai tsoron Allah ya wanke shi, har ya fifita gaskiya a kan jininsa. Ya sayi littafin da yawa yana rabawa kyauta, har ga waɗanda ba su iya karatu ba. Alhaji Maude yana da wayo a shekarar yunwa, ya kuma taya ubansa kwaɓa lakar, amma bai ga dalilin yin musu da littafi ba. Aka kawo tuwon shinkafa da kaji. Malam ya ga ba ladabi ba ne a ƙaryata mutum a kan akushinsa, sai ya wanke hannu.

Da yamma ya sami Malam Salmanu shi kaɗai ya gaya masa. Malam Salmanu ya tambaya ko Malam ya tabbata, domin tsufa kan sa mutum ya manta abin da ya rubuta. Daga baya ya ce abu ne da ke son a bi shi a hankali, a jira bugu na biyu. Malam ya dawo Safana da sabuwar riga mai aiki. Da Sauda ta tambaye shi yaushe za a ƙone littattafan, ya ce al'amarin yana bukatar hikima, gaggawa kuwa aikin shaiɗan ce.

Watakila da abin ya tsaya nan, kunya ta ci gaba da cinsa har ya motsa. Sai wani Malam Musbahu, magatakardan kotu a can gabashin ƙasar, ya aika wa jaridar martani. Ya fara da cewa bai karanta littafin ba, kuma ba zai ƙazantar da hannunsa da shi ba, sharhin Malam Salmanu ya ishe shi hujja. Ya ce ɗan da ya tona asirin ubansa a kasuwa ya fita daga sahun 'ya'yan kirki. Ya ƙare da cewa ba abin mamaki ba ne, domin malamin ƙauye ne, wanda bai san inda karatu ya kwana ba.

Sauda ta zaci maganar tonon asiri ce za ta ƙona baffanta. Ashe kalmar malamin ƙauye ce ta shige shi. Ya kwana biyu yana maimaita ta, yana lissafa wa ɗalibai malaman da ya yi karatu a gabansu. Sa'an nan ya sa Sauda ta kawo takarda, ya fara yi mata shibtar amsa. Ya jero hujjojin malamai cewa gaskiya ana faɗinta ko a kan iyaye ne, ya nuna Musbahu bai san bambancin gulma da shaida ba, ya ƙalubalance shi su haɗu a gaban malaman Katsina. Amsa ce mai ƙarfi, kuma kowace kalma a cikinta tana kare shafin da bai rubuta ba. Sauda ta ajiye alƙalami ta ce a fara da cewa kuskure aka yi a maɗaba'a. Ya ce wannan sai a wata takardar daban, ba a haɗa faɗa biyu a rana ɗaya. Ta ce, cikin ladabi, hannunta ba zai iya rubuta wannan ba sai da waccan. Bai yi mata faɗa ba. Ya aika aka kira akawun gunduma, wanda ya rubuta da murna, har ya ƙara nasa gishirin.

Daga nan jarida ta sami abin yi. Masu karatu daga garuruwan da ba su taɓa jin sunan Safana ba suka rabu gida biyu, 'yan gaskiya da 'yan biyayya. Wani ya ce shi ma ubansa marowaci ne, ya gode da aka buɗe hanya. Wani ya ce tun da ya ga sunan Ummaru jikinsa ya ba shi. Babu wanda ya tambaya ko abin ya faru. A Safana tsofaffin da suka ci hatsin rumbun suna nan da ransu, amma ba su karanta boko. Masu karanta boko kuwa ba su san Malam Ummaru ba. Sauda ta duba ta ga tsofaffin kullum raguwa suke yi, littafin kuwa ƙaruwa.

Cikin bazara Malam Salmanu ya zo duba ajinta, wanda ake yi a wata rumfa cikin gidan mai gari. Ya zo da ƙunshin littafin a bayan keke, ya sanar da ita cewa daga yanzu shi ne littafin karatun ajujuwan manya a gundumar. Bayan mata sun watse, ta roƙi izinin magana, ta tambaye shi yadda aka yi. Bai ɓoye ba. Ya ce zaren ya tsinke a hanya, akawun maɗaba'a ya tattara warƙoƙin ya sa musu lamba yadda ya same su, ya juya su boko. Akawun ma ɗan boko ne, ya ɗauka kalmar ƙasan warƙa tuntuɓen alƙalami ce, ya riƙa tsallake ta. Warƙoƙin asali kuwa an yi shara da su bayan an gama. Ya ce ya kai maganar ga Baturen maɗaba'a, Bature ya yi dariya ya ce wannan shafin ne kaɗai mai rai a littafin.

"Ki duba, Malama," in ji shi. "In aka gyara, me ya rage? Malami mai kyauta da ɗan kasuwa marowaci. Wa zai ɓata lokacinsa a kan wannan? Kowa ya san shi."

"Kowa ya san shi ne, Malam, domin haka aka yi."

"Abin da aka yi daban, littafi daban. Ke da kika yi makaranta bai kamata a gaya miki ba."

"To, sharhin da ka rubuta fa? Jarumtar wa ka yaba, ta Baffa ko ta zare?"

Ya gyara hularsa, ya ce sharhi ba a kan marubuci ake yinsa ba, a kan abin da ke shafi ake yi, kuma abin da ke shafin jarumta ne ko wa ya jera shi. Ta ce in haka ne za ta rubuta wa jaridar da kanta. Ta zaci zai hana ta, sai ta ga fuskarsa ta washe. Ya ce ta rubuta, shi da kansa zai kai: jikar marigayi ta tashi ta ƙaryata baffanta, mace kuma, daga Safana. Ya ce wannan kaɗai ya isa a ƙara bugu, kuma zai so ta ɗan zafafa harshe. Sauda ta gane cewa duk ruwan da ta ɗebo ta wannan hanya gonarsu zai shiga. Kafin ya hau keke ya tuna mata, da murya mai daɗi, cewa malamar da ba ta bin littafin hukuma ba ta daɗewa a aji.

A cikin ɗalibanta akwai wata dattijuwa, Mero, wadda ta fi kowa wahalar gane baƙaƙe, ta kuma fi kowa naci. Da ta ga ƙunshin, ta dawo ta tsaya a bakin rumfa tana tambaya ko littafin Malam Ummaru ne. Ta ce tana yarinya uwarta ta aike ta da ƙwarya, ya cika mata, ya kuma ɗora mata a kai da hannunsa domin ta kasa ɗagawa. Ta ce dalilin da ya sa ta jure wa dariyar jikokinta ke nan, tana so ta karanta wurin da idonta, ko da za ta shekara a kan layi ɗaya. Sauda ta ce mata Allah ya kai mu, ta ɗaure ƙunshin ta kai gida.

Ta bari sai ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da ta san baffanta yakan zauna shi kaɗai. Ta same shi da sabuwar jarida a gefe, yana jiran mai karantawa. An gayyace shi Katsina, taron marubuta, kuma maɗaba'a ta aiko tana neman littafi na biyu, in da hali a kan wani daga cikin danginsa. Ta gaya masa zancen aji da zancen Mero. Ta ce abu ɗaya take roƙo: ya tashi a masallacin Juma'a, ko a taron na Katsina, ya faɗi da bakinsa cewa warƙa biyu sun sauya wuri. Daga bakinsa ne kaɗai maganar za ta yi nauyi.

Malam ya saurare ta har ta gama, ba tare da fushi ba. Da gani ya daɗe yana nazarin al'amarin, kuma ya sami mafita, domin fuskarsa irin ta malamin da ya warware mas'ala mai wuya ce.

"Uwata, zauna ki ji ilmi. Wanda aka yi wa ƙazafi yana kabari, me yake samu?"

"Lada, Baffa."

"Madalla. Ana ɗebe ladan mai faɗa a zuba masa. To, duk wanda ya karanta shafin nan ya ce mahaifina marowaci ne, mahaifina ya ƙaru. Daga nan har Adamawa ake karantawa. Wace sadaka zan yi masa da ta kai wannan gudana? Shi da ya ba da hatsinsa don Allah, ba don a yabe shi ba, yanzu ma an raba shi da yabon, aikinsa ya tsarkaka. Jinjiri kuma an rufa masa asiri, rufin asirin musulmi kuwa kin san matsayinsa. Ni da na so tona shi, Allah ya kare ni. In na tashi na gyara, na yanke wa mahaifina lada, na tona mamaci, na kunyata mutanen da suka karrama ni. Ina ribar?"

Sauda ta san kowace guntuwar maganar tana da asali a wurin malamai, ɗinkin ne kawai nasa. Ta tambaye shi, su masu karatun da ake ɗebe ladansu ba da saninsu ba, wa zai amsa tambaya a kansu ranar gobe kiyama. Ya ce wannan mas'ala ce mai zurfi, zai duba ta bayan ya dawo daga Katsina. Ya tura mata jaridar da yatsa, ya ce ta duba ko Musbahu ya sake magana.

Ta karanta masa, domin baffanta ne, shi ya riƙe ta, kuma ba ta taɓa barinsa da takarda a hannu ba. Musbahu ya sake magana, kuma har yanzu bai karanta littafin ba. Da ta gama ta ninke jaridar ta ajiye a gabansa. Ta san abin da za ta faɗa zai kai kunnen Malam Salmanu kafin mako ya zagayo, ta kuma san watakila ba za a ƙara kiranta Uwata a wannan zaure ba. Ta yi masa sallama irin ta kullum, sa'an nan ta gaya masa cewa ranar Litinin za ta raba wa matan littafin kamar yadda aka umarta, za ta buɗe musu shafin yunwa kafin shafin farko, ta gaya musu ƙarya ne, ta kuma gaya musu marubucin ya sani.